Ruwan zafi kan ƙare kafin a zo kansa: Tsadar gas da manya masu nakasar fahimta a Sabo, Ibadan

Masu karatu, idan a gidanku akwai babban mutum, namiji ko mace, da Allah Ya yi shi da nakasar fahimta, wanda sa'o'insa sun yi aure sun ajiye iyali amma shi har yau sai an tuna masa wanka an zaɓa masa rigar sawa, ku tambayi kanku: yau da asuba da aka ɗora ruwan zafi, shi ne na nawa a layi?

A mafi yawan gidaje tsarin ɗaya ne. Maigida ne kan gaba domin zai fita nema. Sai 'yan makaranta don kada su makara, sai jariri da mai jego idan akwai, sai tsohuwa. Kafin a zo kansa ruwan ya huce ko ya ƙare, kuma a wannan zamani da wuya uwargida ta sake kunna gas saboda mutum ɗaya da ba ya zuwa ko'ina. Shi kuwa ba zai yi ƙorafi ba. Ko ya sheƙa na sanyi yana karkarwa, ko ya ƙi wankan ɗungurungum a ce masa ƙazami. Babu wanda ya zauna ya ƙulla masa wannan. Tsadar makamashi ce ta sa kowane gida yin rabo, rabo kuma bai cika kaiwa ga wanda ba ya iya buɗe baki ya nema ba.

Nakasar fahimta daban take da taɓin hankali, ko da yake mutane kan haɗa su. Taɓin hankali ciwo ne da kan kama mutum bayan ya tashi lafiya lau, kuma sau da yawa magani kan dawo da shi hayyacinsa. Ita kuwa nakasar fahimta tun ƙuruciya ake tasowa da ita. Yaro ya yi jinkirin zama da tafiya da magana, karatu ya yi masa wuya, ya girma bai iya lissafin canji ko gane haɗari kamar tsaransa ba. Wani da ita aka haife shi. Wani doguwar naƙuda ce ta hana ƙwaƙwalwarsa iska, wani shawarar jarirai ce da aka yi jinkirin kai ta asibiti, wani kuma sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Sunayen da muke laƙaba musu, su dolo, gaula, ɗan ruwa, ba sai an tsaya a kansu ba, duk uwar da ta haifi irin wannan ɗa ta san zafinsu.

A Ibadan ne ma aka yi wani sanannen bincike kan lalurar Down, ɗaya daga cikin manyan musabbaban wannan nakasa. Likita A. A. Adeyokunnu ya wallafa shi a 1982, inda ya gano ana samun jariri 1 mai lalurar cikin kowace haihuwa 865. A da yawancinsu ba sa wuce ƙuruciya. Yanzu a ƙasashen da suka ci gaba suna kai shekara 60, a nan ma ba abin mamaki ba ne ka ga ɗan shekara 30 ko 40. Abin nufi, uwar da ta saba yi masa wanka ta lulluɓe shi da dare ita ma yanzu ta tsufa tana neman mai ɗora mata ruwa, ko kuma ta rasu ya koma hannun wa ko ƙane, inda matar gida ke da nata 'ya'yan da nata lissafin.

Akwai ma sanyi a Ibadan?

Idan aka ce ana maganar sanyi a Ibadan, ɗan Kano ko ɗan Jos murmushi zai yi, kuma yana da hujja. A Kano, a watan Janairu, ma'aunin zafi kan sauka zuwa wajen digiri 13 da asuba, wani lokaci ƙasa da haka. A Ibadan ba kasafai yake sauka ƙasa da digiri 18 ba, wanda shi ne mafi ƙarancin ɗumin ɗaki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga ƙasashe masu sanyi. Amma sanyin Ibadan na jiƙa ne. Damina kan faro tun wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba, a Yuli da Agusta kuwa sai a kwana biyu ko uku rana ba ta leƙo sosai ba, ga yayyafi, ga shanya da ta ƙi bushewa, ga bango yana tsatsafo da danshi. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hunturu ya sauko da ƙurarsa da sanyin asubarsa.

Unguwar Sabo, wadda ke kusa da Mokola, an kafa ta ne a 1916 domin Hausawa fataken goro da shanu. Lokacin da masani Abner Cohen ya zauna a cikinta yana nazari a 1962 da 1963, mutanenta ba su wuce kimanin 4,000 ba. Filin bai ƙaru ba, mutane ne suka ninka. Gidajen da aka gina don saukar baƙi yanzu iyalai ne a ciki, ɗaki ɗaya ko biyu, rufin kwano, daɓen siminti, taga ƙarama ko wadda ginin maƙwabci ya toshe. A irin wannan cunkoso gado na maigida da uwargida ne da ƙananan yara. Babban namiji mai nakasar fahimta zaure ne makwancinsa, ko shago bayan an tashi kasuwa, ko barandar masallaci. Macen kuwa tabarma a bakin ƙofa, wurin da iska ke shigowa.

Siminti yana zuƙe ɗumin jiki dare guda cur, jiƙaƙƙen tufafi kuma ya fi shi sauri. Ku haɗa wannan da mutumin da ake aika ɗebo ruwa ko dako cikin ruwan sama ya dawo bai san ya canza riga ba, ko mai fitsarin kwance da zai farka ƙarfe biyun dare a jiƙe ya ci gaba da kwanciya haka har asuba. Ba sai ma'auni ya sauka digiri 10 ba kafin irin wannan jiki ya sha wahala. Ku kuma masu karanta wannan a Kano, Zariya, Katsina ko Sakkwato, duk abin da za a faɗa nan ya shafe ku, har ma ya fi, domin hunturunku ya fi cizo kuma kasko ya fi yawa a ɗakunanku.

Yadda wuta ta yi tsada

Kananzir, wanda a da shi ne makamashin talaka, an janye masa tallafi tun 2016, kuma kafin ƙarshen 2022 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna lita ta haura naira 1,000. Risho ya koma ƙarƙashin gado. Aka ce a koma gas, mutane suka yi ƙoƙari suka sayi tukunya, shi ma ya tashi, har gidaje da yawa suka daina cika tukunya suka koma sayen kilo ɗaya ko biyu. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta zarce 1,000 a 2024. Gawayin da ake sayarwa a Ibadan da yawansa daga yankin Oke-Ogun yake zuwa, wajen Saki da Iseyin, a mota, don haka kuɗin fetur da dizal na cikin kowane ƙulli. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin lantarki ga 'yan rukunin A daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit. Hatta asibitin koyarwa na UCH, wanda ba shi da nisa da Sabo, ya shafe sama da kwana 100 ba wutar kamfanin rarraba lantarki na Ibadan daga ƙarshen Oktoban 2024, saboda bashi.

Turawan Ingila sun daɗe da ba wannan hali suna. A 1991 wata masaniya, Brenda Boardman, ta kira shi talaucin makamashi, wato gidan da sai ya kashe fiye da kashi 10 cikin 100 na abin da yake samu kafin ya biya buƙatarsa ta wuta da ɗumi. Ku lissafa naku a wata, gas da gawayi da fetur ɗin janareta da katin mita, ku ga inda kuka faɗa. A can ɗin, bitar mace-macen masu nakasar fahimta da hukumar lafiyarsu ke yi ta nuna suna rasuwa kusan shekara 20 kafin sauran jama'a, kuma ciwon huhu na sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe su. Wannan a ƙasar da ake da na'urar ɗumama ɗaki da asibiti kyauta ke nan.

Me ya sa huhu? Sanyi shi kaɗai ba ya haifar da nimoniya, ƙwayoyin cuta ne ke kawo ta. Sai dai sanyi da ƙura da hayaƙi suna raunana garkuwar hanyoyin numfashi, su kuma waɗannan bayin Allah dama tasu garkuwar ba ta cika ƙarfi ba. Kusan rabin masu lalurar Down da matsalar zuciya ake haifarsu. Da yawansu kuma ƙululun nan na maƙogwaro, wanda idan ya kumbura muke ce masa maƙoƙo, ba ya aiki yadda ya kamata, abin da ke sa mutum yawan jin sanyi da kasala da barci. Gwajin jini ne ke gano wannan, kuma ƙwayar magani ɗaya kullum ke gyara shi, amma sau nawa aka taɓa yi wa naku? Wanda kuma nakasar ta haɗa masa da shanyewar gaɓoɓi ba ya motsin da zai ɗumama jikinsa, sannan yakan sha wahalar haɗiya.

Maganar haɗiya tana da alaƙa da tsadar gas fiye da yadda ake zato. Gidan da ya koma girki sau ɗaya a rana, ɗumamen safe ba ya samun ɗumi. Tuwon da ya kwana ya sandare, ga miya mai sanyi, ya fi wuyar haɗiya, mai matsalar maƙogwaro kuma idan ya ƙware abinci kan faɗa masa huhu ya zama ciwo bayan kwana biyu ko uku. Idan naku yana yawan tari ko ƙwarewa lokacin cin abinci, ko muryarsa ta riƙa gargara bayan ya sha ruwa, ku zaunar da shi a miƙe, ku ba shi kaɗan-kaɗan ba gaggawa, kuma ku gaya wa likita. Ko da kowa zai ci nasa da sanyi, a ɗumama nasa.

Babbar matsalar ita ce ba zai ce muku ƙirjinsa na ciwo ba. Abin da za ku gani shi ne canjin hali: mai fara'a ya yi shiru, mai son abinci ya ture kwano, mai tashi da wuri ya ƙi tashi, ko mai sanyin hali ya fara faɗa da jifa. A nan ne muke yawan cewa “ai haka yake dama”, har ma'aikatan lafiya kan faɗa wannan tarko. Uwargida, ke da kika san shi, idan zuciyarki ta ce yau ba daidai yake ba, ki yarda da ita. Ki sa hannu a ƙirjinsa ko ƙeyarsa, ba tafin hannu ba, ki ji ko sanyi ne ko zazzaɓi. Ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana zaune: na babban mutum tsakanin 12 zuwa 20 ne, idan ya kai 25 ko ya wuce, ko leɓɓansa suka sauya launi, ko barci ya yi masa nauyin da ba a saba ba, asibiti za a nufa a ranar, ba kemis ba. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa a gwada tarin fuka, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma akwai asibitin ƙirji na gwamnati a Jericho, nan kusa.

Gudun gara, an tadda zago

Da gas ya gagara, kurfoti da kasko suka dawo, wasu ma har da murhun garin katako da ake kira Abacha. A tsakar gida ba laifi. Amma ranar da ake ruwa, ko daren da sanyi ya matsa, sai a shigo da wutar ɗaki a rufe ƙofa, kuma wa ake turawa kusa da ita don tausayi? Shi.

Akwai wani kuskure da ya zama ruwan dare: a bar gawayi a waje har hayaƙinsa ya ƙare ya yi ja, sannan a shigo da shi a ce yanzu ba illa. Garwashin da ya yi ja ɗin nan yana ci gaba da fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa hawaye balle mutum ya farga. Tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, don haka a rufaffen ɗaki jini kan cika da ita ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da suke rayuwa da shi. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala, wato sak zazzaɓin cizon sauro. Mai cikakkiyar fahimta zai iya cewa kansa na sarawa ya tashi ya buɗe ƙofa. Wannan kuwa zai ƙara jan bargo ne ya kwanta. Hayaƙin janareta ma wannan iskar ce a cikinsa, kuma mun sha jin labarin iyalan da suka kwanta ba su tashi ba a garuruwa daban-daban na ƙasar nan. A Sabo, inda ake ajiye janareta a zaure ko lungu don gudun ɓarawo, ku duba ko wa ke kwana a wannan zauren.

Idan kuka ga mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya sun tashi da ciwon kai lokaci guda, kuma suna samun sauƙi da zarar sun fita waje, ku zargi wuta kafin ku zargi sauro. Wanda aka samu a sume, a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi fili, a kwantar da shi a gefensa, a garzaya asibiti inda za a sa masa oksijin. Kada a ɗura masa manja ko madara. Ba sa karya wannan guba, kuma ɗura wa sumamme abu hanya ce ta tura shi cikin huhu. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, Jihar Oyo kuma tana da tata, 615.

Dokar ɗaya ce kuma ba ta da togaciya: ba a kwana da garwashi a ɗaki. Idan an ji ɗumi da taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin kowa ya kwanta. Kuma don Allah, masu kulle ɗan uwansu a ɗaki idan za su fita unguwa saboda tsoron kada ya ɓace, ku tabbata babu wuta, babu kyandir, babu maganin sauro mai hayaƙi, babu tukunyar gas a ciki. Gara ma a bar shi wurin maƙwabta.

Ko ba a kai ga suma ba, hayaƙin yau da gobe yana cin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020. Matan Sabo tun da can sun shahara da sana'ar abinci daga cikin gida, kuma a gidan da ake tuyar ƙosai ko awara ko dafa tuwon sayarwa, macen da ba ta zuwa makaranta ba ta da miji ita ake bar wa fifita wuta daga safe har dare. Aikin yana ba ta matsayi a gida, kada a raba ta da shi haka kawai. A dai janyo murhun inda iska ke wucewa, a zaunar da ita ta gefen da hayaƙi ba ya bi, a riƙa karɓarta, sannan a ba ta wasu ayyukan kamar tsince wake ko ƙulla kaya.

Farfaɗiya da wuta

Kusan mutum 1 cikin 5 na masu nakasar fahimta yana da farfaɗiya. Ga irin wannan, buɗaɗɗiyar wuta da tafasasshen ruwa da kaskon mai sun fi sanyi haɗari nesa ba kusa ba. Likitocin ƙuna sun san irin raunin da masu farfaɗiya ke zuwa da shi: mai zurfi, a hannu ko fuska ko ƙafa, domin mutum ya faɗa wuta ba ya cikin hayyacinsa balle ya janye. Abin takaici, wani lokaci akwai mutane a wurin, amma suka ja da baya saboda camfin cewa yawun mai farfaɗiya yana yaɗa ciwon. Ba ya yaɗawa. Ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu, ko taɓawa, ko cin abinci a kwano ɗaya. Ku janye shi daga wutar nan take.

Sauran abin yi kaɗan ne. A kawar da abin da zai buge shi, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali a baki, idan jijjigar ta lafa a juya shi gefe. Idan ta wuce minti 5, ko ta sake dawowa bai farfaɗo ba, asibiti. Al'adar kara ƙafar mai jijjiga a wuta don ya farfaɗo, wadda har yanzu ake samu a wasu wurare, ƙuna kawai take ƙara masa. Ƙunar kuma ruwan sanyi mai tsabta ake kwarara mata na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba ƙwai ko manja ko man goge baki ko baƙin mai ba. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a tafi. UCH na da sashen masu ƙuna.

Maigida, ga wata magana taka. Idan kuɗi suka yi ƙaranci, abin da aka fi saurin yankewa shi ne maganin farfaɗiya, a ce ai ya kwana biyu bai faɗi ba, ko a riƙa raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata. Maganin ne ya hana shi faɗuwa, kuma daina shi kwatsam na iya tayar da jijjiga mai tsanani. Idan wanda aka rubuta ya yi tsada, ka koma wurin likita ka faɗa masa gaskiya, akwai masu sauƙin kuɗi da za a iya sauya masa a hankali.

Nawa ne kuɗin wankansa?

Bari mu yi lissafi, domin sau da yawa tsoron tsadar ya fi tsadar kanta. Ba sai an ɗumama bokiti guda a wuta ba. Lita 3 ta tafasasshen ruwa idan aka sirka ta da lita 12 ta ruwan randa tana ba da bokiti mai ɗumin kusan digiri 40, daidai wanka. Tafasa lita 3 a rufaffiyar tukunya gas ɗin da yake ci bai wuce giram 40 zuwa 50 ba, wato kilo ɗaya zai yi wanka 20 ko fiye. Idan kilo yana naira 1,300 a wurinku, wankan bai kai naira 70 ba. Mu da muke tanadin itacen jego na kwana 40 tun ciki yana wata bakwai, ba za mu ce wannan ya fi ƙarfinmu ba. A riƙa zuba na sanyi tukuna sannan na zafi, wani ya gwada da gwiwar hannu, kada a bar shi ya ɗauki tukunyar da kansa. Mai farfaɗiya kuma ya yi wanka a zaune, ƙofa ba a kulle ba. Hitar nan da ake tsomawa a bokiti kada a bar ta inda zai kai hannu.

Ba dole ne ma wankan ya zama da asuba ba, tunda ba makaranta zai tafi ba. Baƙar jarka da aka ajiye a rana tun safe, zuwa azahar ta yi ɗumi ba a kashe ko sisi ba, musamman a hunturu. Sauran ruwan shayin safe a juye a filas. Wake a jiƙa shi tun dare, tukunyar da ta tafasa a sauke a naɗe ta da tsohon bargo ta ƙarasa nuna da kanta. Gas ɗin da aka rage ta nan shi zai ɗumama masa abinci da dare.

Makwanci kuwa, abin da ke ƙarƙashin mutum ya fi abin da ke samansa muhimmanci. Kwali ninki biyu ko uku, ko katakon da 'yan kasuwa ke jera kaya a kai, a ɗora tabarma da katifa ko ta gwanjo ce. Mai fitsarin kwance a shimfiɗa masa leda ƙarƙashin zani, a ajiye busasshen wando da zani kusa, a tashe shi ya zaga kafin ku kwanta. Riguna biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri riƙe ɗumi, ga safa da hular sanyi. Wasu ba sa son kaya masu ƙaiƙayi ko matsewa kuma ba za su iya bayyana dalili ba, sai dai su cire su yar. Maimakon faɗa, ku nuna masa guda biyu ya zaɓa. Da yawansu suna koyon abu idan aka maimaita shi kullum a lokaci ɗaya da kalmomi iri ɗaya: an jiƙe, a canza riga, an ji warin gas, a fita a kira Inna. Zai ɗauki makonni, amma idan ya zauna ya zauna.

Ba su da sarki

Wani abu da Cohen ya rubuta game da Sabo shi ne yadda nakasassu suke da tsari: makafi da sarkinsu, guragu da nasu, kutare da nasu, kowane rukuni da mai magana da yawunsa a gaban Sarkin Hausawa. Wannan tsari har yau ana ganinsa a garuruwan Hausa, kuma shi ya sa idan aka kawo rabon barguna ko hatsi akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Masu nakasar fahimta ba su da sarki. Ba sa iya haɗa ƙungiya, iyalansu kuma kunya kan sa su ɓoye su, saboda haka duk wani rabo na gwamnati ko na masu hannu da shuni yakan wuce ta kansu.

Doka dai tana gefensu. Dokar hana nuna wariya ga nakasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi kula da lafiya kyauta a asibitocin gwamnati ga masu nakasar ƙwaƙwalwa, kuma a 2020 aka kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sanya su cikin rukunin masu rauni da asusun gwamnati ya kamata ya biya wa. Tsakanin takarda da tagar biyan kuɗi akwai tafiya mai nisa, wannan kowa ya sani, amma wanda ba a yi wa rajista ba ko cikin layin ba ya shiga. Ku nema masa lambar NIN, ku nemi takardar likita mai bayyana nakasarsa, ku je cibiyar lafiya matakin farko ta unguwa ko ofishin hukumar inshorar lafiya ta Jihar Oyo ku tambayi yadda ake shigar da masu rauni. Mai neman shawara kan koyar da su kuwa, Jami'ar Ibadan na da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, ga kuma kwalejin ilimi ta tarayya da ke garin Oyo wadda aikinta ke nan kacokan.

Abin da unguwa za ta iya yi da kanta bai buƙatar jiran kowa. Limaman masallatai da masu unguwa da malaman Islamiyya mata sun san gidajen da ke da irin waɗannan mutane, sun kuma san waɗanda iyayensu suka rasu suke kwana a zaure ko bakin shago. A rubuta sunayen a littafi guda ya zauna a fadar Sarki ko hannun kwamitin masallaci, ba don a yi shela da su ba, sai don 'yan canji da dillalan shanu da fataken goro, idan sun tashi fitar da zakka ko sadaka, su san akwai gidan da kilo uku na gas a wata, da katifa, da maganin farfaɗiya na wata guda zai canza masa damina. A zagaya sau biyu a shekara, a Yuni kafin marka ta kankama, da kuma Nuwamba, lokacin da barguna da rigunan sanyi na gwanjo ba su riga sun yi tsada ba.